BABI NA UKU: IYAKAR 'YANCIN FAƊAR ALBARKACIN BAKI A TARIHIN KADUNA DA TASIRINTA GA UNGUWAR ROMI, 1984 ZUWA 2020

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin taƙaddamar da aka daɗe ana yi a garin Kaduna game da inda 'yancin mutum na faɗar albarkacin bakinsa ya tsaya. Za a ɗauki Unguwar Romi, wadda take kudancin Kogin Kaduna, a matsayin madubin duba sakamakon wannan taƙaddama. Dalilin zaɓen Romi kuwa shi ne, tana cikin unguwannin da suka cika suka batse da jama'ar da suka ƙauro daga wasu sassan gari, sanadiyyar rikice-rikicen da wa'azi ko jerin gwano ko rubutun jarida suka zama mafarinsu.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, dukkan ɓangarorin da suke wannan jayayya sun amince cewa magana tana da iyaka. Inda aka saɓa shi ne wanda yake da ikon shata iyakar, da kuma wanda zai hukunta duk wanda ya ƙetare ta. Da yake hukuma ta kasa riƙe wannan iko ta hanyar kotu, sai ya riƙa faɗawa hannun taron jama'a a wani lokaci, a wani lokacin kuma ya faɗa hannun mai mulki. Daga ƙarshe kogin da ya ratsa gari ya wayi gari shi ne iyakar abin da mutum zai iya furtawa ba tare da fargaba ba. Domin bayyana haka, za a fara da taƙaitaccen tarihin Romi, sa'annan a duba matsayin magana a al'ada da a doka, kafin a bi manyan abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya.

3.1 Romi da Kudancin Kaduna

Unguwar Romi tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, wadda hedkwatarta take Kujama. Tana cikin rukunin unguwannin Sabon Tasha da Television da Narayi da Gonin Gora, kuma akwai rafi mai wannan suna da yake bi ta kusa da matatar mai ya zuba a Kogin Kaduna. Mutanen Gbagyi, waɗanda Hausawa suke kira Gwari, su ne tsofaffin mazauna wannan yanki tun kafin Turawa su dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917.

Bunƙasar kudancin gari ta samo asali ne daga masana'antu. An buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin harhaɗa motocin Fijo ya fara aiki a 1975, sa'annan aka buɗe matatar mai a 1980. Waɗannan wurare sun jawo ma'aikata daga kudancin tsohon Lardin Zazzau da Filato da Binuwai da ƙasar Hausa da kudancin Nijeriya. A wancan lokaci abin da yake zaɓa wa ma'aikaci unguwa shi ne kusancinta da wurin aiki da kuma arahar haya. Domin haka Musulmi da Kirista sukan haɗa gida ɗaya, su haɗa famfo, su haɗa layin karɓar albashi. Wannan cuɗanya tana da muhimmanci ga nazarinmu, domin mutumin da yake zaune da wanda ba addininsu ɗaya ba dole ya san irin maganar da za ta ɓata wa maƙwabcinsa rai, ya kuma koyi jure wadda ba ta yi masa daɗi ba.

3.2 Matsayin Magana a Al'ada da a Doka

Bahaushe yana ɗaukar magana a matsayin abu mai nauyi da haɗari. Shi ya sa yake cewa magana zarar bunu ce, wato idan ta fita ba ta komawa, ya kuma ce baki shi ke yanka wuya. Duk da haka al'adar ta tanadi ƙofofin da ake faɗar abin da ba ya faɗuwa kai tsaye. Akwai habaici da zambo a bakin mawaƙa da maroƙa. Akwai wasannin tashe, inda yara suke kwaikwayon halayen manya a watan azumi. Akwai kuma wasan barkwanci irin na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa, inda ake faɗar maganar da a wani wurin sai an kai ga alƙali. Abin lura a nan shi ne, kowace ƙofa tana da lokacinta da mutanenta, kuma kowa ya san su.

Ta fuskar wa'azi ma taƙaddamar tsohuwa ce. A wajejen 1788, a Magami, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya nemi Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya sakar masa mara ya yi wa'azi, kuma kada a hana kowa amsa kiransa. A ƙarshen ƙarni na 18 Sarki Nafata ya kafa dokar da ta hana kowa wa'azi ban da Shehu shi kaɗai. Wannan doka tana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Gudu a 1804. Haka kuma a shekarun 1950 kotunan gargajiya sun ɗaure 'yan jam'iyyar NEPU da dama bisa zargin zagin sarakuna, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga kurkuku saboda furucinta na siyasa.

Idan aka koma ga rubutacciyar doka, kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, ya fara aiki a 1960. Sashe na 210 na wannan kundi ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya ci mutuncin wani addini a bainar jama'a ta yadda zai iya haddasa fitina. Tsarin mulkin 1979 ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki a sashe na 36, na 1999 kuwa ya maimaita shi a sashe na 39. Sai dai sashe na 45 na tsarin mulkin 1999 ya halatta kafa dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci domin tsaron ƙasa da zaman lafiya da tarbiyyar jama'a da kare haƙƙin wasu, matuƙar dokar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Arthur Nwankwo wanda ya rubuta littafin sukar gwamnan Anambra, ta yanke cewa dokar hana sukar hukuma da aka gada daga Turawa ta saɓa wa tsarin mulki. Shekara ɗaya kacal bayan haka gwamnatin soja ta kafa Doka ta 4 ta 1984, wadda da ita aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Daga waɗannan bayanai za a fahimci cewa tun kafin rikice-rikicen Kaduna akwai doka, akwai kuma kotun da ta san yadda ake fassara ta.

3.3 Dokar Wa'azi ta 1984 da Rikicin Kafanchan na 1987

Tarzomar Maitatsine ta Kano a watan Disamba na 1980, wadda ƙididdigar hukuma ta ce ta ci rayuka 4,177, ita ce ta fara sa gwamnatocin Arewa su ɗauki wa'azi a matsayin batun tsaro. A watan Oktoba na 1982 wutar ta iso Rigasa a nan Kaduna, a 1984 kuma ta tashi a Jimeta. A wannan shekara ta 1984 gwamnatin soja ta Jihar Kaduna, ƙarƙashin Usman Mu'azu, ta kafa dokar tsara wa'azi, wadda ta wajabta wa mai wa'azi samun izini. An yi wa dokar gyara a 1987 da 1996.

Wannan doka ba ta hana abin da ya faru a Kafanchan ba. Ranar Jumma'a 6 ga Maris, 1987, ɗalibai Kirista na Kwalejin Ilimi ta Kafanchan sun shirya taron wa'azi, inda suka gayyato Rabaran Abubakar Bako, wanda a da Musulmi ne. A cikin wa'azinsa ya jawo ayoyin Alƙur'ani ya fassara su ta hanyar da ɗalibai Musulmi suka ɗauka a matsayin ɓatanci. Gardama ta zama faɗa, faɗa ya fita daga makaranta ya shiga gari. Cikin 'yan kwanaki tarzoma ta bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa da Kankiya da Katsina, waɗanda a lokacin duk suna cikin jiha ɗaya. An ƙona coci-coci fiye da 100 da wasu masallatai, an kuma rasa rayuka.

Abubuwa biyu ne suka shafi nazarinmu a wannan rikici. Na farko, magana iri biyu ce ta yi aiki. Akwai maganar mai wa'azi, wadda ta kunna wutar a cikin makaranta. Akwai kuma labarin da aka riƙa yaɗawa game da abin da ya faru. An zargi Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da zuzuta yawan ɓarnar da aka yi wa Musulmi a Kafanchan, abin da masu wannan zargi suke gani shi ya kai wutar garuruwan da suke nesa. Na biyu, matakin da hukuma ta ɗauka bai gamsar da kowa ba. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, wadda ta kira tarzomar yunƙurin juyin mulki na farar hula, ta kafa kotun musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte, gwamnatin jiha kuma ta kafa kwamitin bincike na Donli. Musulmi sun koka cewa 'yan'uwansu aka ɗaure alhali ba a gurfanar da mai wa'azin ba. Kirista kuwa sun koka cewa an hukunta 'yan tsiraru, an bar waɗanda suka ingiza su. Ke nan kowane ɓangare ya fita da imanin cewa kotu ba za ta share masa hawaye ba.

3.4 Jerin Gwanon Shari'a na 2000

Faɗar albarkacin baki ba ta tsaya ga furuci da rubutu kawai ba, har da fitowa kan titi domin nuna goyon baya ko adawa. Bayan Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta kafa kwamiti domin duba yiwuwar yin haka. Musulmi sun yi taruka da jerin gwano na goyon baya. Ranar Litinin 21 ga Fabrairu, 2000, Kirista suka fito nasu jerin gwanon na adawa a ƙarƙashin ƙungiyar CAN. A wannan rana faɗa ya ɓarke, aka kwana uku ana kashe-kashe, sa'annan ya sake tashi a watan Mayu. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ƙidaya mutum 1,295 da suka mutu a rikicin Fabrairu, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch kuwa ta ce waɗanda suka mutu a rikicin na 2000 sun kai 2,000 ko fiye.

Wannan shi ne rikicin da ya sake fasalin garin. Kirista da yawa sun bar Tudun Wada da Rigasa da wasu unguwannin arewa, suka nufi Romi da Sabon Tasha da Narayi da Television da Gonin Gora. Musulmin da suke waɗannan unguwanni su ma suka tattara nasu ya nasu suka haye arewa. An yi musayar gidaje, an sayar da wasu a wulaƙance. Har ta kai wasu mazauna garin suna kiran arewacin kogi Makka, kudancinsa kuma Sabuwar Urushalima, ko da yake akwai unguwanni irin su Barnawa da Kakuri da cuɗanyar ba ta yanke ba. Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi ya ɓullo da tsarin kotuna uku a 2001, wato na shari'a da na gargajiya da na majistare, domin kowa ya sami inda zai kai ƙararsa. Ranar 22 ga Agusta, 2002, shugabannin addini 22, wato 11 daga kowane ɓangare, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan haka aka jarraba wannan yarjejeniya.

3.5 Rubutun Jaridar ThisDay da Tarzomar 2002

A 2001 Agbani Darego ta lashe gasar sarauniyar kyau ta duniya, aka kuma ba Nijeriya ɗaukar baƙuncin gasar 2002, wadda aka shirya kammalawa a Abuja ranar 7 ga Disamba. Tun kafin lokacin ƙungiyoyin Musulmi sun nuna adawa da gasar, musamman da yake shirye-shiryenta sun faɗo cikin watan azumi. A waje ɗaya kuma wasu 'yan takara daga ƙasashen waje sun ƙaurace mata saboda hukuncin jefewa da wata kotun shari'a ta Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal. A cikin wannan yanayi ne, ranar Asabar 16 ga Nuwamba, 2002, jaridar ThisDay ta Legas ta buga sharhin wata matashiyar 'yar jarida, Isioma Daniel. A cikin sharhin ta yi wani furuci da ya danganta Annabi Muhammadu (S.A.W.) da 'yan takarar gasar, wanda Musulmi suka ɗauka a matsayin ɓatanci ƙarara.

Jaridar ta nemi gafara a shafinta na farko, ta kuma maimaita neman gafarar a bugu da dama. Duk da haka ranar Laraba 20 ga Nuwamba aka ƙona ofishinta na Kaduna. Kashegari tarzomar ta juya kan Kirista da coci-coci da otal-otal, mutanen da mafi yawansu ba su ga jaridar ba balle su karanta ta. Daga nan matasan Kirista a unguwannin da suke da rinjaye suka shiga ramuwar gayya a kan Musulmi da masallatai, su ma mutanen da ba su da hannu a ƙona komai. Ranar Jumma'a 22 ga wata tarzomar ta taɓa Abuja, masu shirya gasar kuwa suka kwashe 'yan takara zuwa Landan, inda aka kammala ta. A rahoton da ta fitar a watan Yuli na 2003, Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum 250 ne suka mutu, wasu 20,000 zuwa 30,000 suka rasa matsuguni. Rahoton ya kuma zargi jami'an tsaro da kashe mutane da dama ba bisa ƙa'ida ba, ya nuna cewa ba a hukunta masu kisan ba.

Ranar 26 ga Nuwamba mataimakin gwamnan Zamfara, Mamuda Aliyu Shinkafi, ya ba da sanarwar fatawar halatta jinin marubuciyar. Ministan watsa labarai, Farfesa Jerry Gana, ya ce wannan fatawa ba ta da gurbi a dokar ƙasa. Ƙungiyar Jama'atu Nasril Islam, wadda hedkwatarta take Kaduna, ita ma ta bayyana cewa gwamnatin Zamfara ba ta da hurumin ba da fatawa, ta nemi a yi watsi da ita. Jami'an tsaro sun tsare editan bugun Asabar na jaridar, Simon Kolawole, marubuciyar kuwa ta tsere zuwa Jamhuriyar Benin, daga bisani ta sami mafaka a Norway.

Idan aka yi la'akari da wannan jerin abubuwa za a ga cewa kowa ya yanke hukunci a kan wannan rubutu ban da kotu. Taron jama'a ya yanke nasa a titi, ɗan siyasa ya yanke nasa a filin taro, jami'an tsaro sun yanke nasu da tsarewa. Babu wata kotu da ta zauna ta auna rubutun da ma'aunin dokar cin mutuncin addini da kuma sashe na 39 da na 45 na tsarin mulki, ta faɗa wa jama'a inda iyakar take. Tarzomar ta ƙarasa abin da ta 2000 ta fara, domin da yawa daga cikin waɗanda suka yi ƙarfin halin zama a unguwannin da ba su da rinjaye sun haƙura sun ƙaura a wannan karo. A wannan shekara ce kuma masaƙar Kaduna ta rufe, wato ɗaya daga cikin wuraren da suka rage inda mutanen sassan biyu suke haɗuwa kullum.

3.6 Ra'ayoyin da Suka Yi Karo

Ra'ayi na farko yana ganin cewa 'yanci ba ya halatta taɓa abin da jama'a suke tsarkakewa. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da cewa zafin ɓatanci ga mai imani ya fi zafin duka, kuma babu ƙasar da ta bar magana sakaka. A Jamus laifi ne musanta kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa, Ingila kuwa sai a 2008 ta soke dokarta ta ɓatanci. Suna ƙarawa da cewa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙoƙin jama'a da siyasa, wadda Nijeriya ta shiga a 1993, ta wajabta hana kiran ƙiyayyar addini da take tunzura mutane.

Ra'ayi na biyu yana ganin cewa a ƙasa mai addinai da ɗariƙu da yawa, aƙidar wani kan zama ɓatanci a kunnen wani. Abin da Musulmi ya yi imani da shi game da Annabi Isa (A.S.) ya saɓa wa na Kirista, haka kuma akasi, kuma ko a tsakanin Izala da 'yan ɗariƙa an sha zargin juna. Domin haka idan aka mai da jin zafin mai sauraro shi ne ma'auni, to mai rinjaye a kowace unguwa shi zai riƙa shata iyaka. Suna kuma tunatarwa cewa dokar da aka kafa domin hana tunzuri takan zama makamin toshe bakin masu sukar gwamnati, kamar yadda aka gani a zamanin Nafata da na NEPU da na Doka ta 4.

A fahimtar wannan nazari, kowane ra'ayi yana da gaskiyarsa, amma tarihin Kaduna ya nuna wajibcin bambanta abubuwa uku da ake cuɗawa: maganar da take ɓata rai, da maganar da take kiran a kashe ko a ƙona, da kuma kisan kansa. Ta farko ita ce ake jayayya a kanta, kuma ita ce ta fi buƙatar alƙali. Ta biyu da na uku kuwa babu addini ko doka da suka halatta su ga taron jama'a. Abin da ya faru a 1987 da 2002 shi ne, an shagala da jayayya a kan ta farko, aka bar sauran biyun ba hukunci.

3.7 Daga 2016 zuwa 2020

Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya aika wa majalisa ƙudurin maye gurbin dokar 1984. Ƙudurin ya tanadi lasisin shekara ɗaya ga mai wa'azi, da kwamitocin Jama'atu Nasril Islam da CAN masu tantancewa, da taƙaita amfani da lasifika da dare, da tarar naira 200,000 ko ɗaurin shekara biyu. Adawa ta fito daga coci-coci da kuma wasu malaman Musulunci. Ƙungiyar coci-cocin Fentikostal ta kai ƙara, majalisa ta zartar da ƙudurin a watan Yuni na 2019, a cikin wannan wata kuma Babbar Kotun Jiha ta yanke cewa tilasta wa masu wa'azi karɓar lasisi ya saɓa wa tsarin mulki. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, abin lura shi ne an yi wannan jayayya da takarda a gaban alƙali, ba a zubar da jini a kanta ba.

Zuwan wayar hannu da intanet ya buɗe wani sabon fage. A watan Janairu na 2017 lauya Audu Maikori ya wallafa a Twitter cewa an kashe ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya guda biyar. Labarin ya zamana ƙarya ne, ya janye shi ya nemi gafara, amma aka kama shi a Legas a watan Fabrairu. A watan Oktoba na shekarar Babbar Kotun Tarayya ta ce an tauye masa haƙƙi, ta ba da umurnin a biya shi diyyar naira miliyan 40, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage daga baya. A farkon watan Agusta na 2019 wasu mutane ɗauke da makamai suka sace Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, mai sharhin siyasa a intanet, daga gidansa a Barnawa, aka kuma shafe shekaru babu labarinsa. Ranar 28 ga Afrilu, 2020, aka kama Mubarak Bala a Kaduna saboda rubuce-rubucensa na Facebook, aka kai shi Kano, inda aka yanke masa ɗaurin shekara 24 a 2022, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da shi shekara biyar a 2024. Waɗannan misalai sun nuna cewa inda maganar ta isa kotu akan sami damar ɗaukaka ƙara da gyara kuskure, inda ba ta isa ba kuwa babu abin da ake iya dawo da shi.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda al'adar Bahaushe da rubutacciyar doka duka suka amince da 'yancin magana suka kuma sa masa iyaka. An ga yadda wa'azi a Kafanchan a 1987, da jerin gwano a Kaduna a 2000, da rubutun jarida daga Legas a 2002, suka zama sanadin asarar rayuka da dukiya, ba tare da kotu ta tantance laifin mai magana ko ta hukunta mafi yawan masu kisa ba. An kuma ga yadda wannan gazawa ta sa jama'a suka nemi tsaro ta hanyar ƙaura zuwa cikin 'yan'uwansu, abin da ya cika Romi da maƙwabtanta da mabiya addini ɗaya, kamar yadda ya cika Rigasa da Tudun Wada da mabiya ɗaya addinin.

Illar wannan rabuwa ga 'yancin magana ta kasu biyu. Mutum yana iya faɗar duk abin da ya ga dama game da mutanen ƙetaren kogi a cikin unguwarsa, domin babu wanda zai ƙaryata shi ko ya nuna masa ya wuce gona da iri. Idan kuwa ya haye gada sai ya kama bakinsa ko da gaskiya ce a cikinsa. Yaron da aka haifa a Romi ko a Rigasa bayan 2000 yana iya girma bai taɓa zama gida ɗaya da mai wani addini ba, domin haka bai sami horon da ma'aikatan masaƙa suka samu na sanin abin da yake ɓata wa maƙwabci rai ba. Bisa wannan dalili nazarin yake ganin cewa ƙara yawan dokokin taƙaita magana ba zai wadatar ba, matuƙar ba a tabbatar wa mazauna sassan biyu cewa kotu za ta saurari wanda aka ci mutuncin addininsa, za ta kuma hukunta wanda ya ɗauki doka a hannunsa, ko daga wane ɓangaren kogi ya fito.